Kati Talatin da Biyar Nasa, Ɗaya Nawa

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Yaya ya riga ni, kamar yadda ya riga ni zuwa duniya, ya riga ni shiga makaranta, ya riga ni hawa jirgi. Makarantar dai aji uku na raka shi na dawo, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, hannun direban tasi ne.

Ranar da muka dawo daga maƙabarta takalma sun cika ƙofar gidansa a Hyattsville, nan Amurka, har maƙwabcinsa sai da ya yi tsallake kafin ya shiga nasa ɗakin. Mutane sun zo, ba zan ce ba su zo ba. Likitoci sun zo da kayan asibiti a jikinsu, 'yan Manassas sun zo mota uku, mata sun cika kicin da kulolin shinkafa. Amma na haura shekara sittin ina zaman makoki, na san yadda ake faɗin "Allah ya jiƙansa" idan ana kewar mutum. A gidan Yaya abin da na fi ji shi ne "Allah ya yafe masa", ana jan "yafe" ɗin, ana satar kallon ƙofar ƙaramin ɗakin da ke bayan falo.

Wata Hajiya ta zo da gorar ruwanta daga gida, aka miƙa mata kofi ta ce ta ƙoshi. Wani injiniya ya zauna, ya waiga ya ga bayansa na jingine da ƙofar ƙaramin ɗakin, ya tashi ya ce fanka ce ke damunsa. Babu fanka a falon.

Can sai ga wata tsohuwar Baturiya daga Alexandria, da sandarta, da kek a faranti. Ita kaɗai na ga tana kuka har kafaɗarta na rawa. Ta riƙe hannun 'yar Yaya, wadda muke kira Uwata don sunan mahaifiyarmu gare ta, tana cewa da Turanci shekara goma sha biyar ba ta ga mai ido irin nasa ba, kati ɗaya zai taɓa ya gaya maka abin da ba ka sani ba. Waɗanda suka ji suka dubi juna. Tsohuwa ta zo yabo, ta ƙara wa wuta itace ba ta sani ba.

Da yamma Liman ya ja ni gefe.

"Malam Auta, kayan ɗakin nan. Ranar uku, bayan addu'a, a fitar da su a ƙona. Don sauƙinsa ne a kabari."

Na ce to. Abin da na fi iyawa ke nan a duniya, cewa to.

Ga wanda bai sani ba, abin da jama'armu ke faɗa shekara takwas shi ne Yaya yana duba, yana da kartar bokaye cike da ɗaki, yana shimfiɗa ta ya gaya wa mutum gobensa. Kartar gaskiya ce, tana nan, kwali ya fi ɗari. Duban ƙarya ne. Na sani, domin ni na ƙaga shi. Ina rubuta wannan ne don in karɓo wa Yaya sunansa, ko da nawa zai tafi a madadinsa.

Yaya mutumin takarda ne. Yana yaro a Kano ya fara da share ƙasa a wata maɗaba'a, ya koma jera harufa, ya yi karatu, Allah ya kawo shi ƙasar nan, ya ƙare aikinsa a wani babban laburare yana jinyar tsofaffin littattafan da suka yage. In ka miƙa masa katin biki, kafin ya karanta sunan amarya sai ya murza shi tsakanin yatsu, ya ɗaga shi ga haske, ya shinshina. Matarsa takan ce da ita takarda ce da ta fi samun kulawa.

Shi ya kawo ni Amurka. Da aka ce sai na ci jarrabawa kafin a ba ni lasisin tuƙi, na faɗi sau biyu, na ce a mayar da ni Fagge. Yaya ya yanka kwalin madara ƙanana-ƙanana, ya zana alamun hanya da fensir mai launi, kullum bayan sallar asuba ya ɗaga mini ɗaya.

"Auta, wannan fa?"

"Tsaya."

"Wannan?"

"Wannan ita ce in ba ɗan sanda, wuce."

Bai yi dariya ba. Ya mayar da katin ƙasa ya sake ɗago shi, har sai da na faɗi daidai. Da kwalin madarar nan na ci abinci shekara ashirin.

Kartar duba kuwa a wata kasuwar tsofaffin kaya ya fara tsintar ta, irin wadda Turawa ke bazawa ranar Asabar a filin ajiye motoci. Tun daga nan Asabar ɗina ta zama tasa. In kashe mita, in ɗauke shi, mu bi gidajen da aka yi rasuwa ana sayar da kayan mamaci, shi yana tonon akwatuna ni ina cin gyaɗa a mota. Irin da ya fi so kati talatin da shida ne a kwali, kowanne da hotonsa: jirgin ruwa, makulli, zobe, kifi, dila, wasiƙa, akwatin gawa. Na taɓa tambayarsa me ya sa bai tara karta ta mutunci ba, irin wadda muke bugawa a tasha.

Ya ce, "Ta wasa in ta tsufa jefar da ita ake yi. Wannan tsoron jefar da ita ake ji, shi ya sa take daɗewa. Matsorata ne suka ajiye mini ita."

Na ce, "To ba ka tsoron shirka?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Gobe ta Allah ce, ban taɓa tambayar takarda labarinta ba. Jiya nake tambayarsu. Jiya ya bar mana ita mu bincika."

Yadda yake gane shekarun kwali kuwa, na gani har na kusa iyawa. Zai wanke hannu kamar mai alwala, ya shimfiɗa farin ƙyalle. Da farko kusurwa: in tana da tsini kamar ta ambulan, katin ya manyanta, in an zagaye ta, ya biyo baya. Sai ya ɗauko gilashin ƙara girma ya duba launi. Na da da hannu ake shafa shi ta cikin huji, sai ka ga jan rigar mutum ya ɗan zarce layi. Na inji kuwa ɗigo-ɗigo ne kamar ƙuraje. Sai ya nemi katin da hukumar wancan zamani ta buga wa tambarin haraji, don tambarin yana canzawa in mulki ya canza. Sai ya dubi jirgin ruwan, mai ƙyalle ne ko mai hayaƙi. Kwalin waje shi ne na ƙarshe, kuma bai yarda da shi ba. Yakan ce kwali aro ake yi, kamar babbar riga ranar ɗaurin aure. In ya juya ya ga baƙaƙen layukan nan da ake haskawa a kanti, sai ya tura mini: "Ungo, jikanka ne."

Bai taɓa cewa shekara kaza ba. Sai dai ya ce ba ta kai kaza ba, ba ta kuma wuce kaza ba, ya rubuta a 'yar takarda da hujjojinsa, da Turanci, da ƙananan harufa kamar sahun tururuwa, ya naɗe ya sa a kwalin. Na ce masa wannan ai ba sani ba ne, canke ne. Ya ce, "Kai fa, yaushe aka haife ka?" Na ce ɗaya ga Janairu, ga fasfo. Ya ce, "Fasfo kwali ne. An haife ka bayan an kawo famfo unguwarmu, kafin rasuwar Kaka. Ni na riƙe wa ungozoma fitila."

Wani abu da yake nuna mini wanda ban manta ba: a kusan kowane kwali, kati biyu sun fi sauran laushi da dauɗa, na zobe da na wasiƙa. Ya ce, "Ka gani? Ko'ina ɗan Adam abu biyu yake jira, aure da saƙo."

Faɗa ɗaya muka taɓa yi na sosai kafin abin da zan faɗa. Mun sayo wani kwali a Manassas, ya shiga masallaci ya bar ni da shi a mota. Na gama cin kilishi, hannuna ya yi ƙaiƙayi, na fito da katin na karkasa shi irin na 'yan tasha, na lanƙwasa na saki, farrr. Ya buɗe ƙofa daidai lokacin. Daga Manassas har Hyattsville kwalin na kan cinyarsa, idonsa na kan titi. Na kunna rediyo ya kashe. Na ce Yaya ai takarda ce. Sai da muka tsaya a ƙofar gida ya ce, "Shekara ɗari tana hannun kafirai ba su karya ta ba, sai da ta zo hannun ɗan uwata." Washegari ya aiko mini da tuwo.

Amma jama'armu ba da karta suka san shi ba a lokacin. Da jaka suka san shi. Wata baƙar jaka ce da ke rataye bayan ƙofarsa, da sabulu a ciki, da kafur, da safar hannu, da almakashi, da farin yadi a ninke. In Bahaushe ya rasu ko'ina a yankin nan, ko Bazabarme, ko ɗan Gana, lambar Yaya ake fara kira. Shi ke wankan gawa. Ya wanke masu digiri, ya wanke wani yaro da ya mutu ba wanda ya san garinsu, ya tsaya a kansa kamar ɗansa. Ba ya karɓar ko kuɗin mai. Ya sha cewa in zo in koya, in riƙe masa buta. Ni kuwa sai in kai shi bakin ƙofa in ce zan je in gyara fakin.

To, ga abin da na yi.

Shekarar da ƙanƙara ta rufe gari har gwamnati ta tafi hutu, ƙafar Yaya ta kumbura. Tsohuwar nan ta Alexandria tana son ta gwada wani kwalinta da nasa, wanda ya fi ƙauna duk cikin ɗakin, mai kusurwa mai tsini. Ya naɗe shi a ƙyalle ya miƙa mini da hannu biyu.

"Auta, amana. Ka kai, ta gani, ka dawo da shi. Kada ka buɗe."

Na kai, ta gani, na ɗauko. A hanyar dawowa na ratsa ta filin jirgi ko zan samu fasinja. Babu jirgin da ke sauka. Direbobi mun cushe a motar wani muna shan ɗumin hita, hira ta ƙare, ƙarya ma ta ƙare. Cikinmu akwai wani ɗan Damagaram, mutumin kirki, shekara tara yana jiran takardun zama, bai ga matarsa da 'ya'yansa ba, kullum hannunsa na kan waya ko lauya zai kira. Ni Bakano ne, shi Badamagare, tsokanarsa gadona ce. Shaiɗan ya ce mini ga kwali a aljihunka.

Na san in na ce ni na duba masa, ba wanda zai ko ɗaga kai. Wa zai yarda da Auta? Sai na gyara murya, na buɗe ƙyallen a hankali, na zaro katin wasiƙa.

Na ce, "Yaya ne ya ce in nuna maka. Jiya ya shimfiɗa da sunanka, wannan ta fito sau uku. Ya ce ka sayi akwati."

Ina jiran a fashe da dariya. Ba wanda ya yi. Ɗan Damagaram ya karɓi katin da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Alhaji da kansa?" Ya sa a aljihun ƙirji ya maɓalle. Wannan ne lokacin da zan ce wasa nake. Na ga fuskarsa, na ga yadda ake kallona kamar wani babban mutum karo na farko a rayuwata, na ce bari in bar shi zuwa gobe. Can wani jirgi ya sauka, layin ɗaukar fasinja ya zo kansa, ya ja mota ya tafi.

Washegari na nemi katin ya ce ya ɓoye, ba ya fitar da shi sai saƙo ya zo. Na ce wa Yaya tsohuwa ba ta gama gani ba. Na zaga kantuna har na samu sabon bugu mai irin hotunan. Na zaro ta wasiƙa. Ta fi girma, kusurwarta a zagaye, tana ƙyalli kamar goshin amarya. Na saci almakashin ɗinkin matata na rage ta, na yi mata tsini. Na goge ƙyallin da soson ƙarfe. Na dafa shayi mai kauri na tsoma ta, ta yi fari da yawa, na sake tsomawa, ta kumbura, na bi ta da dutsen guga. Kwana uku ina wannan aiki. Da na yi wa karatu rabin wannan himma da yanzu ni ake kira Dokta.

Na kai masa. Ya wanke hannu, ya shimfiɗa ƙyalle, yana wuce su ɗaya-ɗaya da babban yatsa, ni ina tsaye ina kallon silin. Yatsan ya tsaya. Bai daɗe ba, kamar numfashi biyu. Ya ɗaga katin kusa da hanci. Sai ya ci gaba har ƙarshe, ya rufe kwali, ya ce, "Sannu da hanya, Auta. A dafa maka shayi?"

Na fita ina cewa a raina, ashe gwanin ma ana iya yi masa.

Ba a yi wata guda ba takardun ɗan Damagaram suka fito. Lokacinsu ne ya yi, Allah ne ya kawo. Amma shi ya zo masallaci ranar Juma'a yana rungumar mutane yana nuna kati. Kafin mako ya zagayo ana ƙwanƙwasa ƙofar Yaya: mai neman haihuwa, mai shari'a a kotu, wadda ɗanta ya ƙi aure. Yana ba su ruwa, ya ce bai san wannan aiki ba, ya raka su bakin lif. Suka ce yana zaɓar wanda yake yi wa ne.

Liman ya kira ni a waya ya ce an ce ni na kai katin. Na ce, "Allah gafarta Malam, ku tambayi Yaya, shi ne babba." Ranar da dattawa suka je gidansa na ɗauki fasinja zuwa wani gari mai nisa, na kashe waya. Matar Yaya ce ta gaya mini abin da ya ce musu, tana kallona har cikin ido: "Katin nawa ne. Ban taɓa duba ba, ba na yi, ba zan yi ba. Yadda ya fita daga ɗakina kuma maganar gida ce." Suka yi ta juya shi, bai ƙara ko kalma ba.

Ba wanda ya kore shi daga ko'ina. Mutanenmu ba sa haka. Wayar ce kawai ta daina ƙara. Aka yi rasuwa a Alexandria, sai a wajen jana'iza ya ji. Aka yi wata, aka ce an samu wasu matasa sun koya, a bar Alhaji ya huta. Wa zai so hannun mai duba a kan gawar ubansa? Yakan je ya tsaya a sahu na uku, ya yi salla, ya dawo.

Na san ya sani. Ya san na san ya sani. Muka ci gaba da fita ranar Asabar. Kowace Salla, ƙarama da babba, cikin kayan da yake aiko wa gidana sai na tarar da kwalin ganyen shayi, an rubuta "Auta" a kai. Matata ta ce Yaya na ji da kai. Ni kuwa ko kofi ɗaya ban taɓa sha ba. Sau nawa na shirya magana a mota, in buɗe baki sai in ji ina ba shi labarin wani fasinja. In ya yi dariya sai in ce to ai ya huce. Mako ɗaya ya wuce abin ya yi nauyi, shekara ɗaya ta wuce ya fi ƙarfina, sai na koma jiran ranar da za a manta. Ba a manta ba. Yara da aka haifa bayan abin ma sun taso suna ƙetare ƙofarsa da gudu.

Da ya cika, mutumin da ya wanke rabin mamatanmu, mu uku muka tsaya a kansa: Liman, da wani tsoho ɗan Kumasi, da ni. Sauran duk aiki ya riƙe su. Ban san ta inda ake farawa ba. Na riƙe buta, a ƙarshe dai na riƙe masa buta, ruwa na zuba a ƙasa.

Safiyar ranar uku na shiga ƙaramin ɗakin da buhunan shara. Matar Yaya ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa da carbinta. Shekara arba'in muna wasan ƙanin miji da ita, ban taɓa shiga gidan ba ta ce "ga ɓarawon nama" ba. Ranar ba ta ce ba.

Ta ce, "Ka san jakar nan ta bayan ƙofa? Duk wata shida sai ya canza sabulun, wai ya bushe. Shekara takwas."

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Hajiya, me ya sa bai faɗa musu ba?"

"Na tambaye shi har na gaji. Ya ce in shi ya faɗa, ya wanke kansa ya ɓata ka. In kai ka faɗa, kun wanku ku biyu. Ya ce Auta yana da jinkiri ne kawai, lasisi ma sai a na uku ya ci."

Ta tafi. Na ɗauko kwalin nan, na ce ko ba komai in fitar da ƙazantata kafin a ƙona ta tare da kayan mutunci. Na buɗe, 'yar takardarsa ta faɗo. Duk sauran da Turanci suke, da sahun tururuwa. Wannan da Hausa ce, da manyan harufa irin na allon 'yan aji ɗaya, irin waɗanda ya san mutum ɗaya ne a duniya ke bukatarsu. Ga abin da ke ciki, ban canza ko ɗigo ba:

"Kati talatin da biyar: kafin yaƙin duniya na farko. Hujja: kusurwa mai tsini, launin hannu, tambarin haraji. Kati ɗaya, mai wasiƙa: aikin Auta ne, makon da ƙanƙara ta rufe gari. Hujja: ganyen shayi, almakashin ɗinki, guga ya yi zafi da yawa ta gefen hagu. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya zauna ya sha wahala a kan abu haka ba. Kada a cire."

Na zauna a ƙasa tsakanin buhunan shara.

Bayan an shafa addu'a, falo cike, Liman ya dube ni ya ce ko kayan sun haɗu. Na miƙe. Wani daga baya ya ce, "Yau kuma da wace Auta ya zo?" har wasu suka fara murmushi tun ban yi magana ba. Na faɗa musu duka, filin jirgi, hita, soson ƙarfe, fasinjan da na gudu da shi. A wajen dutsen guga wani ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da ita tari. Na miƙa wa Liman takardar ya karanta a fili.

Injiniyan nan mai fanka ya ce, "To ai ɗan'uwa ne. Rufa masa asiri yake yi, Allah ya ba shi lada."

Wannan ita ce ribar wanda ya shekara sittin yana ƙarya don a yi dariya. Ranar da na zo da gaskiya, an ɗauka sabuwa ce.

Sai ɗan Damagaram ya taso daga kusa da ƙofa. Ya yi furfura yanzu, 'ya'yansa biyu na jami'a. Ya buɗe walat ya zaro katin. Ya kai an manne shi cikin roba irin ta katin shaida, don kada ya lalace. Kati mai shekara fiye da ɗari. Da Yaya ya gani da ya sake rasuwa.

Ya ce, "Sau biyu na je yi wa Alhaji godiya. Sau biyu yana ce mini, ban aiko maka da komai ba, ka gode wa Allah. Na ɗauka tawali'u ne." Ya juyo gare ni. "Kai Bakano, Allah ya isa." Bai faɗe ta da wasa ba, ban kuma karɓe ta da wasa ba.

Liman ya sake karanta takardar. Ya ce duba haramun ne jiya da yau da gobe, wannan ba ya canzawa. Sannan ya ce, "Amma mutumin nan ya gaya mana da bakinsa ba ya yi, muka zaɓi maganar tasha a kan tasa. Ni ne na fara. A bar kayan, na magada ne." Uwata, wadda tun tana ƙarama in ka yi mata Hausa da Turanci take amsawa, ta karɓi takardar daga hannunsa ta ce da Hausa, a hankali, tana lalubo kalmomin, "Baffa, Baba ya ce kada a cire." Ɗan Damagaram ya miƙa mata na robar, ta sa shi a gefe, ta bar nawa a cikin kwalin.

Ban ce kowa ya yarda ba. Hajiyar nan ta tafi da gorarta. Shi ya sa na zauna na rubuta, da wahala irin ta shayin nan. Wanda duk ya taɓa gaya wa mutum ɗaya cewa Yaya na duba, ina roƙonsa ya koma wajen mutumin nan ɗaya ya ce masa Auta ne. Ku faɗi sunana yadda kuka ga dama, na ba ku.

Mako biyar bayan haka wayar gidan Yaya ta yi ƙara da hantsi, ina zaune ina taya Uwata jera kwalaye. Rasuwa aka yi a Manassas, mahaifin injiniyan nan ne da ya zo jinya. Matar Yaya ta saurara, ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta dube ni.

"Wai ko za a ba su aron jakar Alhaji. Suna so a yi da kayansa."

Na sauko da ita daga bayan ƙofa. Sabulun sabo ne, ko takardarsa ba a ɓare ba. Na ɗora ta a kujerar gaba inda yake zama, na kashe mita. Da muka isa Liman ya miƙo hannu zai karɓa a bakin ƙofa, ya ce in je in gyara fakin. Na ce masa motar ta zauna daidai, na cire takalmi.

Allah ya jiƙan Yaya, ya wanke shi kamar yadda ya wanke bayinsa, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da Inna. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya sa in mun haɗu ya yarda ya dube ni, ko da tabarau a hannu ne.